Maɓallin da Rago Ya Haɗiye

Ko zan manta da komai na aikin ofis, ban ga ranar da zan manta da jajiberin Babbar Sallar bana, ta 1997, ba. Har yanzu in na ji kukan rago a bayan katanga sai gabana ya faɗi. Malamarmu ta makarantar koyon tafireta ce ta ce in rubuta wa 'yan bayana abin da na gani a watannina na farko a wurin aiki, wai don su ɗau darasi. To ga shi. Sunayen da ke ciki duk na canja su, kuma don girman Allah wadda ta karanta ta bar shi a cikinta.

A nan sunana Balaraba. Bayan na gama sakandare na yi kwas ɗin bugu, aka ɗauke ni a wani ƙaramin kamfanin sayar da taki da irin shuka a Doka. A saman kowa akwai Manaja, sai akawu, sai babbar sakatariya Madam Rifkatu, sannan ni mai buga takardu. Ƙasa da ni sai masinja da maigadi. Ƙa'idar wurin ita ce sabon ma'aikaci zai yi wata uku na gwaji. In Manaja ya gamsu, ya sa hannu a takardar tabbatarwa, ka zama ɗan gida. In bai gamsu ba, ko sallama mai kyau ba za ka samu ba. Nawa gwajin zai ƙare ne daidai da dawowa daga hutun Sallah.

Manajan namu ba mugu ba ne, amma a kan kayan ofis bai san wasa ba. Tun ranar da na fara aka ba ni labarin masinjan da ya kora saboda abin huda takarda ya ɓace a hannunsa. In ya wuce teburinki ya ga biro ba marfi, zai tsaya har sai marfin ya fito.

Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, ta gwanjo. Ga wadda ba ta kai ga kwamfuta ba tukuna, kibod shi ne farantin nan mai maɓallai irin na tafireta, wanda waya ta haɗa shi da injin. Namu tsoho ne, ga nauyi kamar dutsen niƙa, launinsa kamar haƙorin mai cin goro. Mai gyara ya taɓa cewa in ya mutu, samun irinsa sai an aika Legas. Wadda ta riga ni a kujerar kuwa a kansa take cin gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har maɓallan suka riƙa maƙalewa. Ki danna sau ɗaya, harafi ya yi ta gudu har ƙarshen layi.

Ranar da za a tashi hutu Madam ta kira ni.

"Balaraba, mai gyara ya tafi garinsu Sallah. Ki tafi da wannan abin gida ki tsabtace shi. Ki ɓamɓare maɓallan da bakin cokali a hankali, su kaɗai za ki wanke. Jikin kuwa ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi, tsohon buroshin haƙori za ki sa."

Ba a fita da kayan kamfani sai da takardar fita, mai sa hannun Manaja, wadda maigadi zai karɓa a ƙofa. Da na kai masa, ya sa hannu bai ɗago kai ba.

"Yadda ya fita haka zai dawo," in ji shi. "Takardarki tana nan kan teburina. Bayan Sallah zan duba ta."

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani kafin mu je gida. Al'adar ofishinmu ce ma'aikata su haɗa hannu su saya wa Manaja ragon Sallah, har da Kiristocin cikinmu, shi kuma da Kirsimeti ya raba shinkafa. Babana tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa yake kiwon raguna a gidanmu da ke Kurmin Mashi, don haka bana a wurinsa aka saya. Raguna uku ne a turke: namu, da na wani tela a Kinkinau, da na Manaja.

Da safiyar jajiberi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na fara aiki. Goggo, yayar Baba da ke riƙe da gidan tun rasuwar Innarmu, ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke 'yar nan, haƙoran wa kike cirewa haka?"

Abin da ya fito daga cikin kibod ɗin nan ba ya faɗuwa. Ɓawon gyaɗa, allurar takarda, ɓarin goro, da gawar kyankyaso har da iyalinsa. Na zuba maɓallan a roba na wanke da sabulu, amma maiƙon ya ƙi fita. Goggo ta taɓe baki.

"Duk bokonku ba ku san maganin maiƙo ba. Abin da ya gagari sabulu bai gagari kanwa ba."

Ta ɗauko ruwan kanwar da ta jiƙa, ta tuttula a robar, ta cuɗa su kamar mai wanke wake. Gaskiya sun fita, suka yi fari tas, har na yi mata godiya. Ta ce in bar mata shanya, ta baza su a faifai ta ajiye a rana kusa da rijiya. Ni kuma na shiga ɗaki da jikin kibod ɗin da buroshi, saboda kada ruwa ya fantsar masa.

Abin da duk muka manta shi ne, ragunan Baba da kanwa aka raine su. Kullum sai ya barbaɗa musu a dusa, ko daga nesa suka ji ƙamshinta sai su fara jan igiya. Kuma a ranar ne yake kwance su ya yi musu wanka kafin masu su su zo ɗauka.

Ina cikin goga na ji muryar Goggo.

"Kai, ku tashi nan, 'yan banza marasa ta-ido!"

Na fito na tarar da kawuna uku a cikin faifai ɗaya. Baba na jan wannan, wancan na komawa. Kafin a raba su da faifan, maɓallai sun watse ko'ina. Muka tsince su ɗaya bayan ɗaya, wasu da yawun rago a jiki. Na sake wankewa, na shanya a kan kwanon ɗaki, na zauna gadi har suka bushe. Jera su bai ba ni wuya ba, tun a makaranta yatsuna sun haddace gidan kowa. Sai da na zo ƙarshe na ga giɓi. A gefen dama akwai maɓallai huɗu masu zanen kibiya, na sama da na ƙasa da na hagu da na dama. Uku ne a hannuna. Na sama babu.

Muka share gidan kaf. Goggo ta tankaɗe ƙasar bakin rijiya da rariya. Baba ya buɗe bakin kowane rago ya leƙa. Sai can Goggo ta ce ita dai ta ga ɗaya ya ɗaga kai yana haɗiya da ƙyar.

"Wanne, Goggo?"

"Mai ƙahon nan."

"Goggo, dukkansu suna da ƙaho."

"To ni na ce su yi wanka su zama iri ɗaya?"

Na roƙi Baba ya riƙe ragunan ko za a ga abin ya fito ta baya. Ya ce ragon Sallah ba a riƙe wa mai shi, alkawari ne. Ya ƙara da cewa irin wannan abu in ya shiga tumbi, a tumbi yake zama.

"Ki kwantar da hankalinki. Gobe wuƙa za ta faɗi gaskiya."

Da yamma tela ya zo ya ja nasa. Direban ofis ya zo da a-kori-kura ya ɗora na Manaja. Ina tsaye a ƙofar gida, ragon na kallona yana tuƙa, har motar ta sha kwana.

Kun dai san yadda ake yi, ranar Sallah kayan ciki ake fara gyarawa, naman sai washegari. Ana saukowa daga Idi Baba ya yanka namu. Ban jira mahauci ya gama fiɗa ba na janye tumbin. Ni da ko kifi ba na son wankewa, sai ga ni na tsoma hannu har gwiwa, da lallena da komai. Na samu guntun leda da guntun igiya. Kibiya babu.

Ban ko canja atamfar Sallah ba na hau acaɓa sai Kinkinau. Na tarar matar tela ta sa tumbi a gaba tana neman wanda za ta ɗora wa. Na gaishe ta, na ce Baba ne ya aiko ni in taya su aiki.

"Ikon Allah," in ji ta. Ta leƙa ɗaki ta kira maƙwabtanta. "Ku zo ku ga 'yar boko, mai aikin ofis, ta baro gidansu ranar Sallah don ta wanke mana tumbi. Namu 'ya'yan suna can gaban madubi."

Suka kewaye ni suna sa albarka, ni kuwa ina lalube kamar mai neman ɗan kunne a rijiya. Ɗaya ta ce a duba yadda nake bin lungu-lungu, irin wannan ita ce matar rufin asiri. Matar tela ta matso ta tambaye ni a hankali ko an yi mini miji, wai tana da ƙane mai shagon kayan keke. Abin da na samu a tumbin shi ne marfin kwalba. Aka ƙulla mini hanta a leda, aka rako ni har bakin titi.

Saura ɗaya ke nan. A kan acaɓa na yi ta addu'ar Allah ya sa mai babur ya ɓata hanya.

Gidan Manaja ba sa yanka da wuri, don mahaucinsu sai ya zaga gidajen manya kafin ya iso. Na isa dab da la'asar, an gama fiɗa ke nan. A bakin famfo na tarar da wata tsohuwa a kan kujera 'yar tsugune, ta naɗe hannun riga, ga tumbi a baho. Ita ce Hajiya Babba, mahaifiyar Manaja. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ma'aikaciyar ofis ce, na zo barka da Sallah, ko za ta kawo in wanke.

"A gidan nan ba mai taɓa tumbi sai ni," in ji ta. "Hannun yara ba ya fitar da shi. Amma tunda kina da ladabi, ɗauki butar nan ki riƙa zuba mini."

Haka na tsaya ina zuba ruwa. Ta tsaga shi, ta juye, ta fara kakkaɓewa. Sai na ji ƙwas a cikin baho.

Na miƙa hannu, amma tsohuwar nan ta riga ni.

"Zuba nan."

Na zuba. Datti ya wanke, ga maɓallina fari tas a tafin hannunta, kibiyar ta fito raɗau. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga kai ta dubi inda kibiyar ta nuna, ta sake duban hannunta.

"Gabas," in ji ta a hankali. "Gabas take nunawa."

Kafin in haɗiye yawu matan gidan sun taru, na maƙwabta ma sun fara shigowa. Wata ta ce ta taɓa jin kakanta na cewa akan samu wani dutse a cikin dabba mai maganin dafi, amma mai zane ba ta taɓa ji ba. Wata ta karɓa ta ɗora a nata hannun, sai kibiyar ta nuna kicin. Hajiya ta karɓe abinta ta ce ba ta iya riƙewa ba ne. Ta ce tun kafin a haifi mai gidan nan take wankin tumbi, ba ta taɓa ganin irin wannan ba sai bana, a ragon ɗanta.

Na buɗe baki in yi magana, wallahi na buɗe. Sai ta juyo kaina.

"Ke 'yar boko, me kika gani a nan?"

"Kibiya ce, Hajiya."

"To kun ji. Ko 'yar boko ta shaida. A kira mini Alhaji."

Manaja ya baro baƙinsa ya shigo da babbar riga. Ya sa tabarau, ya karɓi abin, ya duba gaba, ya juya ya duba ɗan ramin da ke baya. Sannan ya ɗago ya dube ni. Atamfata ta jiƙe, buta a hannu ɗaya, ledar hanta a ɗayan, ƙudaje na bina tun daga Kinkinau. Daga irin kallon na san ya gane komai.

"Ka gani?" in ji Hajiya.

"Na gani, Hajiya."

"Me ka ce?"

Matan nan duk sun zuba masa ido. Ya dubi fuskar mahaifiyarsa, ya sake duban maɓallin, sannan ya mayar mata a tafin hannu.

"Allah mai iko ne a kan komai," in ji shi.

Hajiya ta ƙulle shi a gefen zaninta. Ta ce ƙafata mai albarka ce, tunda ina isowa abin ya bayyana, ta sa aka yanko mini rabin tumbin. Manaja ya raka ni da ido har ƙofa.

"Balaraba, a gaida Baba. Sai mun haɗu a ofis."

Sauran hutun a kwance na yi shi da zazzaɓi. Ko tsoka ɗaya ban iya ci ba. Goggo ta ce ita ba ruwanta, ai maɓallan sun fita. Baba kuwa ya shiga aiki. Ya ɗauki ƙahon ragonmu ya dafa shi har ya yi laushi, ya fito da zarto da magagari na zamanin aikinsa, ya zauna a zaure da ɗaya daga cikin kibiyoyin da suka rage yana gwadawa. Ya yanka, ya goge, ya huda bayan, ya zana kibiya da ƙusa mai zafi. Ya miƙo mini.

"Rago ya ci, rago ya biya."

Maɓallin ƙahon ya zauna daram a gurbin. Sai dai ya fi 'yan uwansa duhu, ya ɗan fi su tsayi, kuma in an danna shi ƙararsa daban ce.

Ranar komawa aiki Madam ce ta fara gani. Ta taɓa, ta kai hanci ta sunsuna, ta ce in faɗa mata gaskiya. Na faɗa. Ta kifa kai a tebur ta yi ta dariya har hawaye, ni ina tsaye ina nawa hawayen. Da ta gama ta gyara ɗankwali ta ce, "Ɗauki abinki ki shiga. Tun ɗazu yake nemanki."

Manaja ya ce in rufe ƙofa. Na ajiye kibod ɗin a gabansa. Ya danna maɓallin ƙahon, ya saurari ƙarar, ya sake dannawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Baba ne, ranka ya daɗe."

"Kin san ƙa'ida. Kayan kamfani ya fita da takarda, bai dawo yadda ya fita ba. Hukuncinsa kora."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ragon na wane ne?"

"Ofis ne ya saya, aka ba ka."

"Maɓallin fa?"

"Na ofis ne."

"Yanzu yana ina?"

"Yana gidanka, ranka ya daɗe."

"To abin da ke gidan Manaja ba a cewa ya ɓace. A ajiye yake."

Ya jawo takardata ya sa hannu. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ya ce in tashi, bai gama ba. Ya ce rabonsa da ganin Hajiya cikin irin wannan farin ciki tun rasuwar mahaifinsa. Ta sa baduku ya ɗinke maɓallin a fata ta rataya a wuya, baƙi na zuwa gani har daga ƙauyensu. Kuma duk ranar Alhamis da ta je awon hawan jini, a ofishin nan take zama ta jira direba.

"Ranar da ta ga 'yan uwan kibiyar nan guda uku, ranar za ki bar aikin nan. Ni ma ban san inda zan kwana ba."

Hajiya ta riga ta zo sau ɗaya. Tana shigowa ta ce ina mai ƙafar albarka, ta jawo kujera ta zauna dab da ni. Na yi wuf na lulluɓe kibod ɗin da mayafina, na koma kan wata tsohuwar tafireta da ke ofishin ina buga abin da ni ma ban san mene ne ba. Ta kama gefen mayafin ta ce me aka rufe a nan. Madam ta ce injin ne yake hutawa, in an buɗe shi yana barci lalacewa yake yi. Hajiya ta ce Allah sarki, ta gyara masa rufin. Bayan tafiyarta sai da aka ba ni ruwa.

To 'yan uwana, ga abin da na koya. Maɓalli da sabulu ake wanke shi, komai daɗewar da zai yi bai fita ba, kada ki bari a sa masa kanwa. Ki shanya a sama, ki zauna gadi. In za a ba ki kayan ofis ki kai gida, ki fara tuna su wa ke gidan, masu ƙafa biyu da masu huɗu. A makaranta an koya mana cewa ƙa'ida ce ke riƙe da ofis, kuma gaskiya ne, na ga tana aiki. Amma mai riƙe da ƙa'idar ma ɗan wata ne. Wanda ya kori mutum a kan abin huda takarda, shi ne na gani da idona ya miƙa kayan kamfani don kada ya kunyata tsohuwarsa a gaban maƙwabta.

Jibi Alhamis. Hajiya ta aiko direba ya faɗa mini cewa wannan karon da sassafe za ta zo, kafin injin ya kwanta, don tana so ta ga yadda nake rubutu da shi. Na gaya wa Baba, ya ce akwai sauran ƙaho, zai sassaƙa mini uku kafin gobe, duk kibiyoyin su zama iri ɗaya, kada Hajiya ta ga fari irin nata. Na tambaya yaya za a yi da fararen da za a cire. Goggo ta ce a ba ta ajiya, wai baɗi ma akwai Sallah.